Ranar da na fara kallon wasan G League ido da ido

Baban Khalil, Mississauga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so duk wanda ya taɓa shiga filin wasan G League, wato ƙaramar gasar ƙwallon kwando da ke ƙarƙashin NBA, ya ba mu labarin abin da ya gani, don mutanenmu na gida NBA kawai suka sani. Ni na fara zuwa ne a 2017, saboda tikitin Toronto Raptors ya fi ƙarfin aljihuna, wani maƙwabcina ya ce in kai yara kallon ƙaramar ƙungiyarsu, Raptors 905, da ke nan garinmu. Lambar 905 ɗin ta layin wayar yankin ce. Kujerarmu na dab da fili, har ƙarar takalmansu a kan katako muna ji, muna jin koci Jerry Stackhouse yana ƙwala wa yaransa kira. Akwai wani dogon yaro ɗan Kamaru da ba ya tsayawa, ya kare kwando a nan, kafin ka ƙifta ido ya isa can. Pascal Siakam ke nan. A kakar suka ɗauki kofi, aka zaɓe shi gwarzon wasan ƙarshe, a 2019 kuma ya ci kofin NBA. Abin da ya ƙara min son ƙungiyar shi ne an kafa ta a 2015, lokacin da Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, yake jan ragamar Raptors.

Ɗan Fagge, Kano:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni a waya nake kallo, da asuba, idan data ta yarda. Tambayata ita ce, tunda sun ci kofi, me ya sa ba su hau NBA ba? A ƙwallon ƙafa zakaran 'yan dagaji ai sama yake hawa.

Alhaji na Fayetteville:
Ɗana, a nan ƙungiya ba ta hawa, ba ta faɗuwa. Mutum ne ke hawa. Ina garin nan na Arewacin Karolina aka fara gasar a 2001, da ƙungiyoyi 8 kacal, duk a kudu maso gabashin Amurka, ana kiranta NBDL. Tamu ita ce Fayetteville Patriots. Daren da na fara zuwa, kujerun da ba kowa sun fi masu mutane yawa, har na ji tausayin yaran, suna zuba gumi kamar duniya ce ta taru kallonsu. Greenville Groove ce ta ɗauki kofin farko a 2002. Tamu ta rushe tuni. A 2005 aka mayar da sunan D-League, a 2017 kamfanin Gatorade ya sa kuɗinsa aka koma G League. Yanzu kowace ƙungiyar NBA, su 30, tana da tata ƙarama, ga kuma Capitanes ta birnin Meziko da ba ta ƙarƙashin kowa. Wallahi ban taɓa zaton abin zai kai haka ba.

Maman Iman, Austin:
Alhaji, maganarka ta cewa mutum ne ke hawa ta taɓa ni, don na gani a gidana. Kafin a fara kaka ƙungiyoyi kan buɗe ranar gwaji, duk mai ganin ya isa ya biya kuɗin rajista ya zo. A irin wannan gwajin ne a nan Austin Jonathon Simmons ya biya dala 150 a 2013, daga baya ya buga wa San Antonio Spurs. Labarinsa ne ya hana ɗan yayata barci. Ni na kai shi da sassafe. Na zauna a sama ina kallon samari cike da fili, kowa da lamba a riga, wasu ma da 'ya'yansu suka zo. Yaron nan da ba wanda ke iya tare shi a unguwa, ranar ƙwallo ba ta zama a hannunsa ba. Ba a ɗauke shi ba. A mota ya cire takalmi ya rungume, bai ce uffan ba har muka isa gida, ni ma na rasa ta cewa. Kuma waɗanda aka ɗauka ɗin, albashinsu a 2023 kimanin dala 40,000 ne a kaka, abin da tauraron NBA ke samu kafin a tafi hutun rabin lokaci. Tun ranar nake kallonsu da girmamawa.

Ɗalibi a Washington:
Allah ya ba shi inda ya fi, Anti. Ni Capital City Go-Go, ƙaramar ƙungiyar Washington Wizards ta NBA, na je kalla, abin da ya rikita ni dokar keta ce. Aka yi wa ɗan wasa keta yana ƙoƙarin jefa ta maki uku, alƙali ya ba shi jifa ɗaya tak, ta shiga, allo ya ƙara uku. Na ɗauka kuskure ne sai na kusa da ni ya ce tun 2019 haka ake yi don wasa ya yi sauri, sai a mintuna biyun ƙarshe ake komawa tsohon tsari. A nan NBA ke gwada sabbin dokoki. Ya kuma nuna min wani a benci mai kwantiragin gida biyu, yau yana nan, jibi yana Wizards.

Baban Khalil:
Shi ne abin da ke damun Khalil har yau. Ya zaɓi ɗan wasa ya haddace lambarsa, mu koma bayan mako biyu a ce wata ƙungiyar NBA ta kira shi kwantiragin kwana 10. Ya tambaye ni ko zai dawo, na ce mu dai yi masa addu'a kada ya dawo. Hajiya Maman Iman, ɗan naki yana buga ƙwallo har yanzu?

Maman Iman:
Yana bugawa. Ranar Asabar kuma yana koya wa yaran masallacinmu, Iman ma na cikinsu.