Na kashe sarkin Qin a babi na 14, yanzu labarin ya ƙi gaba

Ummu Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta, shawara nake nema don Allah. Wata bakwai ke nan ina rubuta labari kan zamanin da ƙasashe bakwai na Sin ke yaƙar juna. Da daddare nake rubutu a waya bayan yara sun yi barci, sau biyu wayar na lalacewa, babi uku na sake rubutawa daga ƙwaƙwalwa. A tarihi, shekara ta 227 kafin miladiyya Yarima Dan na ƙasar Yan ya aika Jing Ke da wuƙa mai guba a naɗe cikin taswira, ya kai wa sarki Zheng na Qin suka bai same shi ba. Ni a nawa ya same shi. To tun daga nan na tsaya cak, sati uku ko layi ban ƙara ba, masu karatu sai tambaya suke.

Malam Na-Dala: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, tun farko kika kuskure wurin. A 227 bakin alƙalami ya bushe: ƙasar Han ta faɗa hannun Qin a 230, an ci Handan, babban birnin ƙasar Zhao, a 228. Ƙarfin Qin ba sarki ba ne, dokokin tsohon wazirinta Shang Yang ne da hatsin yankin Shu da ta ci tun 316. Ki koma yaƙin Changping tsakanin Qin da Zhao, 260. Ki bar Lian Po, kwamandan Zhao, a bayan ganuwarsa, kada a tuɓe shi a naɗa Zhao Kuo, ki ga yadda Bai Qi, kwamandan Qin, zai yi.

Maman Ilham: Wallahi ki lallaɓa masu karatunki. Ni da na tsaya wata guda, wata ta kwashe littafina ta sa sunanta, har yau abin na min ciwo.

Ummu Sadiq: Allah ya saka miki, Anti. Malam, na gode, amma Zheng bai naɗa magaji ba. Fadar Qin da ke Xianyang za ta hargitse, kuma ƙasar Chu na nan da ƙarfinta, ai daga baya ta fatattaki kwamandan Qin Li Xin da mayaƙansa 200,000.

Malam Na-Dala: Sai Wang Jian, wani kwamandan Qin, ya zo da 600,000 ya gama da ita a 223. Wang Jian ya mutu a labarinki? Bai mutu ba. Kin jinkirta nasarar Qin ne kawai.

Ɗan Damagaram: Anti kar ki goge komai. Ki ba Chu nasara, a haɗe ƙasar daga kudu. Wai ma wane ne jarumin labarin? Ba ki faɗa ba.

Ummu Sadiq: Ba na son kowa ya haɗe ta, ƙanena, abin da ya sa na fara ke nan. Babi 14 kuma ba zan zubar ba, Malam.

Malam Na-Dala: To ki faɗa mini wanda zai tare Wang Jian.