Neman shawara: na ga Prius 'yar 2010, in saya ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa ya wuni lafiya. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya taɓa riƙe irin motar ko yake gyara ta shi na fi son ji daga bakinsa, don "an ce, an ce" ta ishe ni.

A Mararaba nake zaune, aiki kuma a Sakatariyar Tarayya. Wanda ya san hanyar nan ba sai na yi masa dogon bayani ba. In ka bari shida na safe ta wuce kana gida, to tun daga gadar Mararaba har ka ratsa Nyanya ka bi ta Kugbo ka isa AYA, ƙafarka na kan birki. Da yamma kuma a yi sabon lale. Motata tsohuwar Accord ce mai silinda 6, lafiyarta lau, amma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, ni da ita muke kokawa a kan albashina. Lita 20 da ƙyar take kai ni kwana uku. Yanzu sau biyu a mako nake fita da ita, sauran ranakun a bakin titi nake tsayawa da jakata kamar kowa.

Shekaranjiya wani dillali ya nuna min Toyota Prius 'yar 2010, haibirid, wato mai haɗa fetur da batir. Daga Amurka aka shigo da ita, ta yi shekara biyu a hannun wani a nan Abuja. Mita ta nuna 168,000. Jiki sumul, esi kamar firij, babu wata jar wuta a gaba. Da na danna maɓalli ban ji komai ba, har na ce masa ai ba ta tashi ba, ya yi dariya ya nuna min kalmar READY tana ci. Ya ce kwanan nan aka yi wa babban batirin "sabis".

Yayana ya ce in na saye ta kada in kira shi ran da batir ya mutu. Ga shi kuma duk bayan wata biyu ina zuwa Jos gaida mahaifiyata, ban sani ba ko za ta iya Hawan Kibo da iyali a ciki. In sayar da tawa in cika in karɓa, ko in rufa wa kaina asiri?

Alhaji mai kayan gyara a Zuba:
Wa alaikumus salam. Malam, yayanka ya faɗa maka gaskiya. Nemi Corolla ka huta. Ko a ƙauyen da ba lantarki ta lalace, za ka samu yaron da zai kwance ta ya ɗaura. Ran da ka tashi sayarwa kuma kafin la'asar ta shiga. Waccan sai ka nemi mai saye da fitila. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Hajiya daga Kubwa:
Alhaji, a yi mana afuwa, kai kayan Corolla kake sayarwa, dole ka ce haka. Ƙanina, ni 'yar 2012 ce a hannuna, shekara huɗu ke nan, kuma ƙirarsu ɗaya da wadda ka gani, duk daga 2010 zuwa 2015 ɗin nan 'yan ɗaki ɗaya ne. A takarda an ce tana yin kusan kilomita 21 da lita ɗaya. Ni dai da esi a kunne, da yara da kayan cefane, tsakanin 16 da 18 nake gani. Tankinta lita 45 ne, in na cika nakan manta yaushe rabona da gidan mai.

Kuma irin hanyarka ita ce abincinta. A cunkoso injin kashe kansa yake yi, ka ga na gefenka suna ƙona mai a tsaye, kai kana silalewa da batir shiru kamar mage. Yawancin taka birkin da ka yi, wuta take mayarwa cikin batirin. Shi ya sa takalmin birki ma ba ya saurin cinyewa, ni sau ɗaya na canza tun da na saye ta.

Abin da ba na so da ita, ƙasa take sosai. Akwai wani tudun rage gudu a layinmu da sai na bi shi a karkace, in ba haka ba sai na ji ƙuuu a ƙarƙashi har cikin raina. In layinku na Mararaba irin wanda damina ke zaizayewa ne, ka duba wannan tun kafin ka duba batir.

Wani ɗan uwa daga Lugbe:
Ni tambayata, da wace wutar za a riƙa cajin ta? Mu da wayar hannu ma sai mun kai shago.

Hajiya daga Kubwa:
Ba a jona irin wannan a bango, ɗan uwa. Injin da birki su ke yi mata caji tana cikin tafiya. Masu jonawa daban ne.

Bakanike daga Apo:
Salam. Oga, na karanta bayaninka sau biyu, kuma kalma ɗaya ce ta tsaya min a rai: "sabis". Ba a yi wa wannan batir sabis kamar yadda ake juye baƙin mai. Bari in buɗe maka cikinsa.

Babban batirin yana bayan kujerar baya, ƙarƙashin but. Ƙwayoyi 28 ne a jere kamar yankan burodi, kowace bolt 7.2, gaba ɗaya bolt 201.6. In ɗaya ta mutu, mota za ta kunna wutar gargaɗi a gaba, kwamfuta ta ba da lamba P0A80. Abin da yawancin masu sayarwa ke yi shi ne su cire matacciyar, su saka wata tsohuwa daga wani batirin, su rufe. Shi ne "sabis" ɗin. Mota za ta yi lafiya wata uku ko shida, sai wata ƙwayar ta biyo baya, tunda duk sa'annin juna ne, tare suka tsufa. Akwai ma wanda ba zai taɓa komai ba, sai ya cire kan ƙaramin batir na minti kaɗan, wutar gargaɗi ta ɗauke, ya kira ka ka zo ka gani. Saboda haka rashin jar wuta a gaba ba shaida ba ce.

A Amurka garantin wannan batir a lokacin shekara 8 ne ko mil 100,000, wasu jihohi shekara 10. Lissafa daga 2010. Ban ce ya mutu ba, akwai waɗanda suka zarce haka nesa ba kusa ba, amma kada ka yi cinikin biri a sama. Ka je da wanda yake da na'urar sikanin da ke karanta haibirid, ba irin 'yar ƙaramar da ke goge lamba kawai ba. Za ta nuna ƙwayoyin bibbiyu, layi 14. A fita da motar kan titi, a taka ta sosai, a ga ko suna sauka tare suna hawa tare. In layi ɗaya ya zube ya bar 'yan uwansa da kusan bolt guda, to akwai gawa a ciki. Ko ba na'ura ma, ka sa ido a kan zanen batir da ke gaba. Lafiyayye a hankali yake cika, a hankali yake sauka. In ka ga ya cika fal yanzu, an jima kaɗan ya koma layi biyu, ya gaji.

Abin da ke kashe shi a ƙasar nan zafi ne da ƙura. A gefen kujerar baya ta hannun dama akwai wata 'yar taga mai raga. Ta nan fanka ke jan iskar cikin mota tana hura wa batir. Wallahi na sha kwance fankar nan bayan hunturu in tarar da ita kamar an cusa auduga, ƙura da gashi da zaren mayafi. Wasu kuma jaka ko filo suke jinginawa a kai ba su sani ba. A wannan motar esi ba don jin daɗinka kaɗai ba ne, batirin ma da shi yake numfashi.

Sannan kada batir ya ɗauke maka hankali ka manta da inji. Na wannan ƙirar 1.8 ne, kuma hanyar EGR ɗinsa, inda hayaƙi ke komawa cikin inji, takan toshe da baƙin gawayi in mota ta yi nisa, daga nan in ba a kula ba sai gasket ɗin kan inji ya ƙone. Ka ce wa dillali da sassafe za ka zo, kada kowa ya tayar da ita kafin ka iso. Ka ɗora hannu a bonet ka tabbatar da sanyi. In ta tashi tana karkarwa da ƙwanƙwasa na ɗan lokaci, ko ka ga ruwan lagireto ya yi ƙasa, ka yi sallama ka tafi. Tulun ruwa biyu ne a gaba, ɗaya na inji ɗaya na inbata, wato na'urar da ke juya wutar babban batir, duka ruwan hoda ake zubawa, ba ruwan leda ba. Baƙin mai kuma 0W-20, marar kauri. Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo, kada kai ko rewaya ku kai hannu, wannan ba wutar wasa ba ce.

Malam daga Gwarinpa:
Injiniya ya gama magana, ni dai nawa jiki magayi ne. Esina ya rage sanyi, na tsaya wurin wani mai gas a bakin hanya. Ya zuba gas, ya ƙara da man kwamfireso irin na kowace mota, na biya shi har da na shan ruwa. Bayan mako biyu mota ta ƙi nuna READY a ƙofar masallaci ranar Juma'a, sai da aka kawo mota mai ɗauka a baya, don an ce kada a ja ta tayoyin gaba na ƙasa. Ashe kwamfireson da lantarki yake aiki, mansa daban ne, ND-11 ake ce masa, shi wancan da aka zuba yana sa wuta ta riƙa zurarewa. Abin da na tara na rarar mai a wata takwas, a sati ɗaya ya tafi. Har yanzu ina tare da ita kuma ban yi nadama ba, amma yanzu ko gilas zan goge sai na kira bakanikena. Ka fara samun mai gyara kafin ka samu mota.

Ɗan Jos mazaunin Bukuru:
Maganar Hawan Kibo kada ta dame ka, ina bin sa da tawa ta Akwanga da mutum biyar a ciki. A hawa za ka ga batir ya sauka, injin ya ɗau kuka kamar zai fito, haka take, ba lalacewa ba ce. Kada dai ka ce za ka yi tsere da masu Sharon. A dawowa, da ka fara gangarowa ka mayar da giya kan B, injin zai riƙe ta, don in batir ya cika sauran aikin kan takalmin birki yake komawa, kuma kowa ya san abin da gangaren nan ke yi wa birki mai zafi. In ka sauka ka mayar D.

Amma gaskiya a doguwar tafiya ratar da ke tsakaninta da ƙaramar mota ta fetur ba ta kai ta cikin gari ba, tunda injin ba ya samun hutu. Ribarka tana cunkoson Nyanya, ba a hanyar Jos ba. Sanyin Jos kuwa batirin na so, tsaunin ya kai mita 1,200.

Malama daga Karu:
Ku tsaya, ba wanda ya lura? Ya ce daga Amurka ta zo. Malam, 168,000 ɗin nan mil ne ko kilomita? In mil ne, ka ninka da 1.6, kusan kilomita 270,000 ke nan. Kuma ka duba takardun kwastam, ka sa lambar jikin motar a intanet ka ga ko ta taɓa hatsari ko nutsewa a ruwa a can.

Alhaji mai kayan gyara a Zuba:
Kun ji ko? Ni dai na faɗi tawa.

Mai tambaya:
Jama'a, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ga yadda aka yi. Malama, mil ne, ni ko kaɗan hankalina bai kai nan ba. Yau bakwai saura na isa wurin da wani mai gyara da abokin aikina ya haɗa ni da shi. Injin ya tashi lafiya, ba karkarwa, ruwa a cike. Amma da aka jona na'ura ta nuna ba a daɗe da goge lambobi ba. Muka hau titin filin jirgi aka taka ta, layi na 9 ya riƙa faɗuwa ƙasa da sauran da fiye da bolt ɗaya. Da aka leƙa fankar baya kuwa, Injiniya, kamar kana wurin, har da ledar alewa.

Na nuna wa dillali, ya ce na'urar ce ba ta da kyau. Na ce to a cire kuɗin batir daga farashi, ya ce sai ya yi magana da mai ita. Har yanzu bai kira ba. Ni kuma ban sayar da tawa ba tukuna, amma gaskiya zaman da na yi a cikinta a danjar AYA injin a kashe, esi na busawa, ya shiga raina. Injiniya, in sun sauko, gara in sa cikakken batir da aka ciro daga motar da ta yi hatsari, ko in tara in sayi sabo dal?

Bakanike daga Apo:
In aljihu zai iya, sabo. In na hatsari ne, a nemi na motar da ta fi taka ƙuruciya, a ɗaura a gwada a gabanka da na'urar nan, kuma a rubuta maka garanti a takarda. Tsohon naka ma kada ka bar musu kyauta, ana sayen sa. In sun kira ka, kada ka ba da ko sisi sai an kawo ta gareji mun ɗaga ta mun ga ƙarƙashi.