"Son kowa, ƙin wanda ya rasa": wane kowa ake nufi?

Malamin falsafa, Damagaram: Assalamu alaikum. Da wannan karin maganar ake yabon mace, ko doki, ko riga. Da'awarta babba ce: wai akwai kyan da duk mai ido zai yarda da shi, wanda ya kushe kuwa don bai samu ba ne. To, ina za mu kai "abincin wani gubar wani"? Kakanninmu ne suka bar mana su duka biyun.

Hajiya ta Zango: Wa alaikumus salam, Malam. Ni ina bayan ta biyun. Iyayenmu mata fure da goro suke ci har haƙora su yi ja wur, a zamaninsu shi ne ado. Yau wace budurwa za ta yarda? Tsagar fuska ma haka. A wajen bikin Gerewol na Fulani Bararo kuwa maza ke kwalliya mata su zaɓa, tsawo da farin ido da farin haƙori ake dubawa.

Ɗan Miriya: Hajiya ta gama magana. "Son kowa" kirari ne na rufe bakin mai suka.

Malamin falsafa: Sannu dai, ɗana. A 1790 wani masani Bajamushe, Kant, ya raba daɗi da kyau. In na ce kilishi ya fi mini tsire daɗi, ba na neman ka yarda, harshena ne. Amma in na tsaya gaban fadar Sarkin Damagaram na ce ginin ya yi kyau, ina sa ran ka yarda, ko da ba ni da hujjar da zan ɗaure ka da ita. Tun 1757 Hume ɗan Sikotlan ya ce ma'aunin kyau yana wurin waɗanda suka daɗe suna kallo suna gwadawa, ba tare da son zuciya ba.

Baduku na Birni: Malam, abin da Baturen nan Hume ya faɗa mu a hannu muke da shi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ajiye jaka biyu gaban dukawa goma da ba su san juna ba, dukansu ɗaya za su nuna: wadda jimarta ta yi laushi, rinin ya zauna, ɗinkin bai karkace ba. Ja ko kore, wannan son mai saye ne. Aiki mai kyau kuwa ba ra'ayi ba ne. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an rushe gidan ƙasa mai zane da zankwaye a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, an ɗora bulo, a ce wai kowa da abin da yake so. Wanda ya rushe bai taɓa tsayawa ya kalli abin da magini ya yi a bangon ba.

Hajiya ta Zango: Baba, dukawan nan goma a ƙasa ɗaya suka koyi kallo. Duk da haka na yarda da kai a kan aikin hannu, don jaka ba ta jin zafin kushe. A kan mutum ne ban yarda ba. Ranar biki a yi wa farar amarya guɗa a ce "son kowa", baƙar ƙanwarta na tsaye tana ji. Gobe ka same ta a kasuwar Dole tana tambayar man bilicin. A faɗa wa doki, a faɗa wa gini, amma a daina faɗa wa ƴaƴanmu.