Wane abinci ya dace da mai hawan jini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Likita ya ce mahaifiyata tana da hawan jini. Wane abinci mai sauƙin kuɗi zan riƙa dafa mata?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki fara da rage gishiri, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, kuma sinadarin dunƙule ma gishiri ne ya cika shi, alhali daddawa kaɗai tana isa ta gyara miya.

Amsa ta 2: Ni kwaɗon zogale nake yi wa mahaifina da rana, da dare kuma faten wake da alayyafo.

Amsa ta 3: Allah ya ba Mama lafiya, amma kada ta bar shan maganinta.