Neman kalma: me za mu kira "torque" da Hausa?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Duk littafin gyaran inji da mutum zai buɗe, kusa da kowane noti akwai lambar da aka kira "torque". A gareji "tok" ake cewa, wasu ma ba sa kiran sunan, sai dai ka ji "ɗaure shi tamau". Wanda ya sauke injinsa a gida yana haɗawa da kansa ba shi da maigida tsaye a kansa, lambar nan ce kaɗai jagoransa, don haka ya kamata ta samu sunan da zai gane. Ga misali: injin 1ZZ-FE na Toyota Corolla, notin tof silinda, wato murfin saman inji, guda 10 ne, ana ɗaure su zuwa 49 Nm (Newton-mita, ma'aunin torque), sannan a ƙara wa kowanne juyin digiri 90. Shawarata ita ce "ƙarfin ɗauri". Me kuka gani?

Oga Isiyaku: Wa alaikumus salam, Malam. Ta yi daɗin faɗi, amma za ta ɓatar da mai koyo. Abin da sifana mai auna tok ke aunawa daban, abin da ke danne gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin tof da bulok (gangar jikin inji), daban. Noti kamar sifirin yake: idan ka juya shi yana ɗan miƙewa, wannan miƙewar ce ke matse tof a kan bulok. To kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da hannu ya sa, gogayya ce ke cinye shi, a tiredi, wato layukan da suka naɗe jikin noti, da kuma ƙarƙashin kan notin. Ragowar ce ke zama ɗauri. Shi ya sa noti biyu za su nuna 49 a sifana, ɗaya busasshe mai tsatsa, ɗaya wankakke da aka shafa wa baƙin mai, amma matsinsu ba ɗaya ba. A kan busasshen, sifana za ta nuna lamba ta cika tun bai kama ba, ta nan gaskit zai fara hura, ruwa ya shiga mai. Idan muka ce "ƙarfin ɗauri", mai koyo zai ɗauka lamba ta cika, ɗauri ya cika.

Injiniya Rabi: Akwai matsala ta biyu, Malam Habu. Shi kansa injin yana da tok, wannan 1ZZ ɗin yana ba da kimanin 170 Nm a karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa. Can ba abin da ake ɗaurewa. Kalmar da za mu zaɓa dole ta yi aiki a wurare biyun.

Malam Habu: Gaskiya ne, Hajiya, na janye. "Ƙarfin juyi" fa?

Injiniya Rabi: Ta fi kusa. Sai dai juyi ya riga ya samu aiki: juyin inji a minti, da juyin digiri 90 ɗin da ka ambata. Kuma noti zai iya cijewa, ka rataya a kan sifana da dukkan nauyinka, tok ya kai 200 Nm, bai juya ko kaɗan ba. Ni "ƙarfin murɗa" nake gani. Bahaushe ba ya cewa murɗa sai inda abu ke turjiya: a murɗa kunne, a murɗe wuyan kaza, a murɗa wanki a matse. Lissafinsa ma mai sauƙi ne, ƙarfi sau tsawon hannun sifana. 49 Nm daidai yake da a rataya kilo 5 a ƙarshen sifana mai tsawon mita 1, ko kilo 10 a mai rabin mita. Daga nan mai koyo zai gane abin da ya sa zura faif a sifana ke tsinke noti ba tare da mutum ya ji ya sa ƙarfi ba.

Elhaji Mamane, Maradi: Na goyi bayan murɗa. Littattafan da ke hannunmu a nan na Faransanci ne, su ma sun raba: "couple" kawai idan na inji ne, "couple de serrage" idan na noti ne. Mu ma mu raba. Ƙarfin murɗa ya zama sunan abin gaba ɗaya, lambar da littafi ya ba kowane noti kuma a ce mata "awon ɗauri". Kalmar Malam Habu ba ta faɗi ƙasa ba ke nan.

Oga Isiyaku: Alhaji ya gyara. Bari in gwada kalmomin a cikin aiki, mu ji ko za su zauna. A wanke ramukan noti na bulok, a hure su da iska har su bushe, domin ramin da mai ko ruwa ya kwanta a ciki zai sa sifana ta nuna awo ya cika alhali ruwa noti ke dannawa, wani lokacin ma bulok ya tsage. A shafa baƙin mai kaɗan a tiredi da ƙarƙashin kan noti. A fara daga na tsakiya a fito waje, ana tsallakawa gefe da gefe, ba a tashi ɗaya ba: zagaye biyu ko uku, ana ƙara ƙarfin murɗa har a kai awon ɗauri, 49 Nm. Sai a ɗiga fenti a gaban kan kowane noti, a bi jerin nan dai a ƙara rubu'in juyi, a duba duk ɗigon fentin sun kalli gefe guda. Wajen kwancewa kuwa daga waje ake farawa a shigo tsakiya, in ba haka ba tof na alminiyam zai iya lanƙwashewa. Notin kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, na wannan injin 20 Nm ne, shi ma da ƙarin digiri 90. Ni dai a kunnena sun zauna.

Garba mai walda: Oga, me ya sa ba za a ba da lamba ɗaya babba a huta ba, sai an haɗa da digiri?

Oga Isiyaku: Saboda gogayyar nan ce, Garba. Digiri bai damu da tsatsa ko mai ba: rubu'in juyi yana miƙar da noti da tsawo iri ɗaya kullum. Irin waɗannan notin an yi su ne su miƙe har bakin iyakarsu, shi ya sa ba a mayar da tsoho sai an auna shi an ga bai wuce abin da littafi ya yarda ba. In ana shakka a sayi sabo, ya fi gaskit na biyu araha. A bulok na alminiyam kuma a ƙara kula. Injin 2AZ-FE na Camry an san shi da zarewar tiredin notin tof, in ya zare sai an huda an dasa sabon tiredi na ƙarfe.

Malam Habu: To mun tsaya a kan ƙarfin murɗa da awon ɗauri. Saura ita sifanar.

Injiniya Rabi: "Sifanar awo", ba sai an wahala ba. Amma a rubuta ma'aunin kusa da lamba kullum. Yawancin sifanonin nan suna da layi biyu, Nm da lb-ft (ma'aunin fam da ƙafa), kuma 1 lb-ft daidai yake da 1.356 Nm. Wanda ya saita 49 a layin lb-ft ya murɗa 66 Nm, ya zarce da fiye da kashi ɗaya cikin uku, alhali 36 ya kamata ya saita a can. A riƙe ta a mariƙinta, a ja a hankali, tana cewa ƙas a tsaya, ba a maimaitawa. Ba a kwance noti da ita. Idan an gama aiki a mayar da ita kan lamba mafi ƙanƙanta kafin a ajiye, don kada sifirin ɗin cikinta ya saki.