Maƙeri da ba ya sihiri zai iya ƙera takobin tsafi?

maƙerin_d20:
Salam 'yan'uwa. Dan Allah ina neman a fahimtar da ni. Muna buga Pathfinder ne bugu na farko, wasan tebur da kowa ke taka rawar wani karakta ana jefa dayis, karaktana mayaƙi ne, yanzu yana mataki na 5, kuma tun farko na gina shi a matsayin ɗan maƙeri, duk makin da na samu a Craft (ƙwarewar ƙira) na makamai nake zubawa. Burina wata rana ya ƙera takobin wuta da hannunsa. To jiya mai jan wasanmu ya ce wai ba zai yiwu ba sai mai sihiri, wlh abin ya tsaya min a rai, mutum ya tashi a gaban maƙera tun yana yaro amma a ce sai ya kai wa wani matsafi da bai taɓa riƙe guduma ba? Akwai hanya ko in haƙura?

dogon_mashi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kar ka haƙura, hanya na nan cikin littafin dokoki ma. Ina ganin dokar wasan Dungeons & Dragons (D&D) bugu na 3.5 ce ta zauna wa mai jan wasanku a kai, don a can dole sai mai sihiri, har XP (makin da ake hawa mataki da shi) ake cire maka. Pathfinder ta kawo baiwar Master Craftsman (baiwa ita ce iyawa ta musamman da karakta ke zaɓa in ya hau mataki), sharaɗinta maki 5 a Craft ko Profession (ƙwarewar sana'a), tana ƙara maka +2 a wannan ƙwarewar, sannan makin nan su ne za su tsaya maka a madadin matakin sihiri in za ka ɗauki baiwar ƙera kayan tsafi, wato Craft Magic Arms and Armor ko Craft Wondrous Item. Sai dai ka sani baiwa biyu za ta ci maka, kuma ƙarin baiwar da mayaƙi ke samu ta faɗa ce kawai ba a sayen wannan da ita, in ka ɗauki ta farko a mataki na 5 ta biyun sai a na 7. Sandar sihiri da takardar da ake karanto sihiri daga ciki kuwa babu su a lissafinka.

Ga takobin naka: +1 mai wuta ana lissafa shi kamar +2, farashinsa zinari 8,000, kai rabi za ka kashe wato 4,000 banda kuɗin takobi mai inganci, aikin kwana 8. Lambar da za ka cimma in ka jefa dayis 5 ne da matakin sihirin kayan wanda yake 10, sai a ɗora 5 tunda ba ka da sihirin wutar, 20 kenan. In ka gaza kayan aiki sun tafi, in gazawar ta kai 5 ko fiye takobi la'ananne zai fito maka.

zarah_gm:
Ni da nake jan wasa abin da ke damuna ba dokar ba ce, yadda ake maida ƙira ta zama biyan kuɗi da jefa dayis kawai. Shi ya sa tsarin D&D bugu na biyar da ke littafin Xanathar da ya fito 2017 ya fi kwanta min a rai, ba ruwansa da ko kana sihiri, ka iya kayan aikin, ka samo tsarin ƙirar, sannan ka nemo wani abu na musamman da sai an fuskanci dodo kafin a same shi. Na taɓa aro wannan na sa a teburina, maƙeriyarmu sai da ta kai tawaga har bakin dutse mai aman wuta don ta kashe ƙarfen a can, zama uku muka yi a kan wannan tafiyar kuma har yau da sunan takobin suke kiran wancan labarin. Ka kai wa mai jan wasanku wannan shawarar, wataƙila tsoronsa kar kaya su yi yawa su lalata wasan, in ya ga shi ke riƙe da inda za a samo kayan haɗin hankalinsa zai kwanta.

maƙerin_d20:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baiwar mataki na 5 ban riga na zaɓa ba, Master Craftsman zan ɗauka. Malama zarah, zan roƙe shi ya ɓoye tsarin ƙirar a tsohuwar maƙerar mahaifin karaktan da aka ƙona, daman tun zaman farko nake son mu koma can.