Rautarmu tana amsa tambayoyin DNS daga adireshin da ba mu sani ba

Ɗan Samaru:
Assalamu alaikum. Wurin sayar da intanet ne a Samaru, rauta MikroTik ce, da adireshin IP na fili guda ɗaya. Da tsakar dare, babu kwastoma ko ɗaya, amma abin da ke fita ya cika layin. A Torch, manhajar rautar da ke nuna abin da ke shiga da fita, ana ganin UDP a ƙofa ta 53, wato ƙofar DNS mai fassara sunan shafi zuwa adireshin IP, kuma kusan duk tambayoyin daga adireshi biyu ko uku na waje suke zuwa. An toshe su, washegari wasu suka fito. An canja kalmar sirri, babu canji. Shin an shiga rautar ne? Masana a taimaka.

Injiniya Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Malam, da alama ba a shiga rautarka ba, aikenta ake yi. Adireshin da kake toshewa ma ba na maharin ba ne, na wanda ake kai wa harin ne.

UDP da TCP hanyoyi biyu ne na aika bayanai a intanet. UDP ba ya musabaha kafin magana. TCP sai an yi musabahar matakai uku, SYN, SYN-ACK, ACK, don haka mai adireshin bogi ba zai ga amsa ba balle ya kammala haɗin. A UDP kuwa fakiti ɗaya, wato ƙunshin bayani guda, ya isa. Maharin zai rubuta adireshin wani a gurbin mai aikawa, ya turo tambayar da ba ta wuce bayit 60 ba, rautarka ta mayar da amsar da kan kai bayit 3,000 ga wanda bai tambaye ta komai ba. Kamar yaro ne ya zaga kasuwar Sabon Gari yana ce wa kowane mai shago gidan wane sun ce a kai buhu goma. Kafin azahar ƙofar gidan ta toshe. Da irin wannan aka kai wa Spamhaus, ƙungiyar yaƙi da saƙonnin banza na imel, hari a 2013, ya kai kusan gigabit 300 a daƙiƙa.

A saitin rautar, duba IP, sannan DNS. In allow-remote-requests, saitin da ke barin rautar ta amsa wa wasu na'urori tambayoyin DNS, a kunne yake, kuma babu dokar da ta tsare ɓangaren waje, to duk duniya kake yi wa hidima. Kada ka kashe shi in kwastomominka da shi suke aiki. Ka sa wannan, in ether1 ce ke kallon waje:

/ip firewall raw add chain=prerouting in-interface=ether1 protocol=udp dst-port=53 action=drop

Ka maimaita da tcp. Na zaɓi raw ne domin fakitin ya faɗi tun kafin ya shiga teburin bin sawun haɗi, wanda cikarsa ke sa rautar nauyi. In PPPoE kake amfani da shi, wato haɗin da ake shiga da suna da kalmar sirri daga kamfanin intanet, sunan haɗin PPPoE za ka rubuta, ba ether1 ba. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Daga nan ka gwada daga waje, da datar waya: dig @adireshinka google.com. In shiru, ta rufu. Tambayoyin za su ci gaba da zuwa na wani lokaci, domin adireshinka na cikin jerinsu, amma ba abin da zai fita.

Malama Kongo:
Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai ba 53 kaɗai ba ce. A duba 123 ta NTP, mai daidaita agogon na'urori: umarnin monlist a tsohon ntpd, manhajar NTP, yana mayar da jerin adireshi har 600, amsar ta ninka tambayar sama da sau 500. A sabunta, ko a sa disable monitor a ntp.conf. Sai 161 ta SNMP, mai sa ido kan na'urori, da 1900 ta SSDP, mai gano na'urori a cikin gida. Mafi muni 11211 ta memcached, manhajar ajiyar bayanai na wucin gadi, wadda da ita aka kai wa GitHub, shafin ajiyar lambobin manhaja, hari a Fabrairun 2018, terabit 1.35 a daƙiƙa.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren, wanda ake mantawa. Me ya bar fakitin bogi ya fito tun farko? Wata hanyar sadarwa ce ba ta duba abin da ke fita daga cikinta. Tun shekarar 2000 aka rubuta maganin, BCP 38: kada ka bar fakiti ya fita sai adireshin mai aikawa na cikin zangonka ne. Wanda ya aiwatar ba shi ke cin moriyar kai tsaye ba, shi ya sa ake sakaci, kuma sakacin nan zalunci ne ga wasu. Ɗan'uwa, a IP, Settings, ka mayar da rp-filter, mai tantance adireshin mai aikawa, zuwa strict.

Injiniya Tudun Wada:
Malama, a yi hattara da strict. Yana jefar da duk fakitin da ya shigo ta hanyar da ba ta nan amsarsa za ta koma ba. Wurare da yawa a Zariya layi biyu suke haɗawa saboda yankewa, kuma da layi biyu fakiti kan shigo ta ɗaya, teburin hanya na nuna ɗayan. Sai shafuka su riƙa tsayawa ba a san dalili ba. Mai layi biyu ya bar shi a loose, wanda ke karɓar fakiti in dai akwai wata hanya ta komawa ga mai aikawa, ya rubuta dokar da hannu: a forward, sashen dokokin abin da ke ratsa rautar, duk abin da ya fito daga ɓangaren kwastomomi, adireshinsa ba na zangon da DHCP, mai raba wa kwastomomi adireshi, ke rabawa ba, a jefar.

Malama Kongo:
Haka ne, loose shi kaɗai ba ya tare komai in akwai hanyar fita ta gaba ɗaya, dokar hannun ce ke aikin. Ɗan Samaru, layinku nawa? Ka kuma duba IP, Services: Winbox da SSH, hanyoyin shiga saitin rautar, kada su dogara ga tantance adireshi kawai, a rufe su daga waje, a riƙa shiga ta VPN, wato keɓaɓɓen haɗi mai tsaro.